Muppets: Fim ɗin da Masoya ke Yafewa da Wanda Suka Ƙi Yafewa

A cikin shirin The Muppet Show, wanda aka yi tsakanin 1976 da 1981, akwai wasu tsofaffi biyu da ke zama a wani ɗan bene a gefen zauren wasa, Statler da Waldorf. Aikinsu ɗaya ne: duk wanda ya hau dandamali sai sun kushe shi. Idan Fozzie, beyar ɗin nan mai ba da dariya, ya saki barkwancinsa, su ne ke fara yi masa ature da baki. Amma kashi 120 aka yi na shirin, kuma da wuya ka ga daren da kujerunsu suka zauna babu kowa. Duk lokacin da na ji masoyan Muppets suna ja-in-ja a kan wane fim ne ya fi lalacewa, tsofaffin nan nake tunawa, domin waɗanda suka fi kowa kushe, su ne kuma ba sa bari ko ɗaya ya wuce su ba su kalla ba.

Ga wanda bai san su ba, Muppets 'yan tsana ne da ake sa wa hannu a motsa su. Wani Ba'amurke ne ya ƙirƙiro su, Jim Henson, haifaffen jihar Mississippi a 1936. Ya fara ne a 1955 da wani ɗan shiri na minti biyar a wani gidan talabijin na Washington, shi da Jane Nebel wadda daga baya ta zama matarsa. Kermit, koren kwaɗon da ya zama shugaban tawagar, da tsohuwar rigar sanyin mahaifiyar Henson aka fara ɗinka shi, idanunsa kuwa ƙwallon tebur ce aka raba biyu. Wanda ya kalli Sesame Square a NTA daga 2011, da Zobi da Kami, ya ga 'yan uwansu na nesa: sana'ar ɗaya ce, gidan ne daban, don 'yan tsanan Sesame na wata ƙungiya ce dabam, ba na kamfanin da ya mallaki Kermit ba.

Kafin a fahimci abin da masoya ke nufi idan suka ce fim ya yi rauni, sai an leƙa ƙarƙashin dandamali. Mai wasan yana tsaye ne, hannunsa na dama a miƙe sama da kansa, a cikin kan 'yar tsanar. Babban yatsa shi ne haɓa, sauran huɗun su ne saman baki. Hannun hagu yana riƙe da siraran sanduna da ke motsa hannuwan 'yar tsanar. Ba ya ganin abin da yake yi kai tsaye, sai dai ya zuba ido ga wani ƙaramin akwatin talabijin da aka ajiye masa a ƙasa, yana kallon abin da kyamara ke ɗauka. Kan Kermit ba shi da wani abu mai tauri a ciki, ƙyalle ne kawai a kan hannu, shi ya sa idan ya yamutsa fuska don takaici, yatsun mutum kake gani suna lanƙwashewa. Wasu kuma, irin su Fozzie da kare Rowlf mai kaɗa piyano, sai da mutum biyu: ɗaya ya ɗauki kai da hannun hagu, ɗayan ya raɓe a ƙarƙashin hammatarsa ya zama hannun dama. A wajen wata 'yar tsanar, mai dafa abinci ɗan Suwidin, Henson ne kai da murya, abokin aikinsa Frank Oz ne hannuwa biyun, kuma sau da yawa hannuwan su ke jefa wuƙa da cokali yadda suka ga dama, kan ya bi su da kallo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a nan kam da gaske ne. Mutanen da suka shekara ashirin suna gumi a jikin juna haka, abin da ke tsakaninsu sai ya fito a kan allo ko ba a rubuta shi ba. Faɗan Kermit da Miss Piggy, aladiyar da ta ɗauki kanta tauraruwa, rabinsa zaman Henson mai Kermit da Oz mai Piggy ne: ɗaya mai sanyin hali, ɗayan mai zafi.

Abu na biyu shi ne abin da shirin ya ƙunsa tun asali. Manyan gidajen talabijin na Amurka sun ƙi karɓar sa, sai Lew Grade, wani babban mai harkar talabijin a Ingila, ya zuba kuɗinsa aka je Elstree, kusa da Landan, aka yi shi. Labarin kuwa na wasu 'yan wasa ne da ba su iya ba, a wani tsohon zaure, suna ƙoƙarin kai wasan dare ɗaya ƙarshe ba tare da rufi ya faɗo musu ba. Barkwancin Fozzie ba ya ba da dariya. Gonzo yakan shiga bindigar igwa a harba shi, ya faɗo inda bai nufa ba. Kermit yana bayan labule yana ta kai-kawo da takarda a hannu. Kowa yana faɗuwa kowane dare, kuma babu wanda ake kora. Wannan shi ne abin da mutane suka so. Saboda haka mai son Muppets ba ya jin haushin barkwanci maras daɗi, da shi aka raine shi. Abin da ba ya iya haɗiya shi ne ya ga tawagar ta daina riƙe juna, ko ya ga an ɗauko su kamar kayan haya an dasa a cikin labarin da kowa ma zai iya fitowa a ciki. A ganina, kusan duk rigimar masoya a kan finafinan baya daga nan take tasowa, ko sun faɗa da wannan lafazin ko ba su faɗa ba.

Henson ya rasu ranar 16 ga Mayu 1990, yana ɗan shekara 53, bayan wata cuta ta ƙwayoyin bakteriya da ta ci ƙarfinsa cikin 'yan kwanaki. A lokacin yana tsakiyar cinikin sayar wa Disney da kamfaninsa, cinikin ya wargaje bayan rasuwarsa. Richard Hunt, mai motsa 'yan tsana irin su Scooter da Beaker da Statler, ya bi shi a farkon 1992. A 2000 iyalan suka sayar da kamfanin ga EM.TV na Jamus a kan dala miliyan 680. EM.TV ya durƙushe, iyalan suka sake saye a 2003 da kuɗin da bai kai kusa da wancan ba, sannan a 2004 Disney ta sayi Muppets ɗin. Frank Oz ya janye jiki wajen shekarar 2000, Eric Jacobson ya gaji Piggy da Fozzie da Animal. Jerry Juhl, babban marubucinsu, ya rasu a 2005, Jerry Nelson, ɗaya daga cikin 'yan wasan farko, a 2012. Cikin manyan 'yan wasan farko, Dave Goelz mai Gonzo ne kaɗai ya rage a bakin aiki. Duk wani fim da ake cewa ya yi rauni, bayan rasuwar Henson aka yi shi.

Wanda aka fi ambata shi ne Muppets from Space na 1999. An kashe masa kimanin dala miliyan 24, ya tara wajen 22 a gidajen sinima, wato ko uwar kuɗi bai mayar ba, kuma bayansa sai da aka yi shekara 12 kafin Muppets su sake shiga sinima. Ƙorafin masoya iri biyu ne. Na farko, babu sababbin waƙoƙin da aka rubuta wa 'yan tsanan su rera labarinsu da su; an cika shi da tsofaffin kiɗe-kiɗen baƙar fatar Amurka na shekarun 1970, masu daɗi dai, amma na wasu ne. Na biyun ya fi zurfi. Tun farko babu wanda ya san ko Gonzo wane irin halitta ne. Shuɗi ne, hancinsa a lanƙwashe kamar ƙugiya, budurwarsa kaza ce. A fim ɗinsu na 1981, da aka zuba su a akwatunan kaya, na Kermit an rubuta kwaɗo, na Fozzie beyar, nasa kuwa aka rubuta kalmar da ke nufin "ko ma mene ne". A fim ɗinsu na farko, na 1979, akwai inda suka kwana a hamada mota ta lalace, ya ɗaga kai yana kallon taurari yana waƙar begen wani wuri da bai taɓa zuwa ba. Duk wanda ya taɓa jin shi bare ne a cikin danginsa ya ga kansa a wurin. Sai fim ɗin 1999 ya zo ya ba da amsa: ai daga wata duniyar yake, ga 'yan uwansa nan sun zo a jirgin sararin samaniya. 'Yan gani-kashe-ni suka ce an amsa tambayar da darajarta ita ce rashin amsa.

Ina tare da su a kan wannan, amma duk da haka ina cikin masu yafe wa fim ɗin, kuma muna da yawa. Dalilina yana cikin mintunan farkonsa. Duk tawagar a gida ɗaya suke haya, gari ya waye, ana layin banɗaki, ana wanke baki, ana rububin karin kumallo a kan dogon tebur, Kermit yana fama da fenti. Babu wani babban abu da ya faru, amma kana gani ka san gida ne. Da jami'an gwamnati suka kama Gonzo, babu wanda ya tsaya tambayar ko ya cancanci a je ceto shi. A ƙarshe ma, da aka buɗe masa ƙofar jirgi, ya zaɓi ya zauna da waɗanda suka riƙe shi tun ba a san asalinsa ba. Labarin ya yi sako-sako, zumuncin yana nan daram.

Wanda ba a cika samun mai kare shi ba shi ne The Muppets' Wizard of Oz, da aka nuna a tashar ABC a 2005, aiki na farko mai girma bayan Disney ta karɓe su. A kan takarda babu laifi, don an riga an yi irinsa, wato a ɗauko sanannen tsohon labari a zuba Muppets a ciki, sau biyu an ci nasara: a 1992 da labarin Charles Dickens na marowacin attajiri, a 1996 kuma da labarin tsibirin dukiya. Amma duba yadda aka yi na 1992. Brian Henson, ɗan marigayin, shi ya ba da umarni, yana cikin jimamin uba. Michael Caine ya fito a marowacin, kuma ya yi wasansa tsakani da Allah, bai taɓa ƙifta wa kyamara ido ba, yana magana da ɓeraye da kwaɗo kamar da manyan jaruman dandamali yake. Saboda shi ya ɗauki abin da gaske, sai 'yan tsanan suka samu bangon da za su jingina shirmensu. A na 2005 babu wannan bangon. An mayar da yarinyar labarin, wadda mawaƙiya Ashanti ta fito a matsayinta, mai burin zama tauraruwa. An ba Piggy matsayin mayu huɗu duka. An cusa zantukan manya masu harshen damo da ba su dace da yaran da aka tara a gaban talabijin ba, kuma ba su ba manyan dariya ba. Har Quentin Tarantino aka kawo ya zauna yana zuga Kermit a kan yadda za a yi faɗa mai jini. Kermit ya zama mutum-mutumin gona, Fozzie ya zama zaki, amma a cire su a sa wasu 'yan tsana dabam, babu abin da zai canza. Ni a wurina nan ne ƙasan rijiyar.

Rigimar da ta fi raba kan masoya ita ce ta shirin 2015, shi ma a ABC. An ɗauko salon nan na shirye-shiryen barkwancin ofis, inda kyamara ke bin ma'aikata kamar labarin gaskiya ake ɗauka, kowa ya keɓe ya faɗa wa kyamara abin da ke ransa. Piggy tana da shirin hira na dare a Hollywood, Kermit ne furodusa, sun rabu, yana neman wata aladiyar mai suna Denise. Kashi na farko ya samu masu kallo kusan miliyan 9, daga nan lamba ta yi ta sauka. A tsakiyar zango aka sauya mai jagorantar shirin, aka yi ƙoƙarin sassauta shi, amma a 2016 aka rufe shi a kashi 16.

Masu kare shi suna da hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Suna cewa wanda ya ce Muppets na yara ne bai san tarihi ba. Tallan kofi da Henson ya fara yi a 1957, 'yar tsana ɗaya ce take harbe ɗaya da igwa don ta ƙi shan kofin. Gwajin The Muppet Show da ya yi a 1975, da gangan ya sa masa suna mai ambaton batsa da tashin hankali, don ya nuna wa masu talabijin cewa shi ba mai renon yara kawai ba ne. Suna kuma nuna cewa ta fuskar gwaninta, wasan hannu a shirin 2015 yana cikin mafi kyau da aka taɓa yi, kuma ya farfaɗo da Uncle Deadly, wani dodon da aka manta da shi, ya zama mai kula da suturar Piggy kuma amininta, har ya zama abin son kowa. Duk wannan gaskiya ne. Inda na rabu da su shi ne a kan abin da ya sa mutane suka juya baya. Maganar manya ba ita ce matsalar ba. Matsalar ita ce an mayar da 'yan wasan da ba su iya ba amma suna son juna, suka zama ƙwararrun ma'aikata da suka iya amma suka gaji da juna. Kermit na da idan ya yi ihu yana kaɗa hannuwa, tsoro yake ji kada wasan ya rushe a kan mutanensa. Na 2015 yana shirya wa Piggy dabaru a bayan idonta, yana shiga ya rufe ƙofar ofis. Na kalli kashi biyu na farko da ƙaramar 'yata a kwamfuta, bayan mun sha kallon tsofaffin tare. Ba ta fahimci rabin Turancin ba, amma can sai ta juyo ta ce, "Baba, kwaɗon nan fushi yake da su ne?" Frank Oz ma ya sha faɗa a hirarraki cewa a ganinsa Disney ba ta fahimci waɗannan halittu ba, kuma ya ƙi shiga fim ɗin The Muppets na 2011 tun da farko.

Akwai kuma wanda aka zalunta, Muppets Most Wanted na 2014. Na 2011, wanda Jason Segel da Nicholas Stoller suka rubuta, ya tara kimanin dala miliyan 165, waƙarsa ɗaya ta ci Oscar. Na 2014 ya tsaya a wajen miliyan 80, sai aka lissafa shi cikin faɗuwa. Amma a tsakanin tsofaffin masoya za ka ji da yawa suna fifita shi. Na 2011 fim ne na kewa, rabinsa labarin mutane biyu ne da wata sabuwar 'yar tsana, Walter, ana ta tuna wa mai kallo cewa da can yana son Muppets. Na 2014 ya bar kewa ya koma shirme tsantsa: wani ɗan fashi kwaɗo mai suna Constantine, wanda ɗigon baƙi a leɓe kawai ya bambanta shi da Kermit, ya sa aka kai Kermit kurkukun Siberiya ya hau kujerarsa. Duk da muryarsa mai kauri, kusan babu wanda ya gane, don yana barin kowa ya yi abin da ya ga dama. Animal ne, mahaukacin makaɗin gangar nan, ya fara jin cewa ba shi ba ne.

Shekara biyu bayan haka abin ya faru a zahiri ta wata siga. Steve Whitmire, wanda ya gaji Kermit tun 1990, Disney ta sallame shi a 2016, labarin ya fito fili a 2017, Matt Vogel ya karɓa, wato mutumin da ya yi Constantine. Kamfanin ya ce halayyarsa a wurin aiki ce ta jawo. Shi ya ce ya yi ta magana ne a kan yadda ake karkatar da halin Kermit, musamman a shirin 2015. 'Ya'yan Henson suka goyi bayan kamfanin. Har yau masoya ba su daidaita ba. Muppets Now na 2020, kashi shida da aka yi a Disney+ cikin sigar gajerun bidiyon intanet, ya sha suka iri biyu a lokaci ɗaya: an rarraba tawagar kowa a kusurwarsa, sannan kunne bai saba da sabuwar muryar ba. Kama da wane ba ta wane, haka ne. Sai dai wanda ya yi wayo a 1992 ya ji irin wannan maganar ana yi wa Whitmire ɗin kansa, kuma yaran da suka tashi da shi, muryarsa ce Kermit a kunnensu.

Wannan ya kawo mu ga abin da masu jayayya ba su cika amincewa da shi ba: shekarar haihuwa tana yanke hukunci fiye da hujja. Wanda aka haifa a ƙarshen shekarun 1980, kaset ɗin fim ɗin 1996 da na 1999 ya yi ta maimaitawa har suka ƙone, kuma a wurinsa Pepe, jatan landen nan mai surutu da ya fara fitowa a Muppets Tonight a 1996, ɗan asalin gida ne. Wanda ya girme shi da shekara ashirin yana kallonsa kamar baƙon da ya zo ya mamaye falo. Fim ɗin 1992 ma bai yi wani abin a zo a gani ba a sinima lokacin da ya fito, yau kuwa a Ingila da Amurka da wuya Kirsimeti ta wuce ba a nuna shi ba.

Kuma bai kamata a manta cewa Henson da kansa ya sha faɗuwa ba, abin da masu cewa "da yana raye da ba a yi haka ba" sukan tsallake. 'Yan tsanan da ya kai shirin Saturday Night Live a 1975 ba su karɓu ba, marubutan shirin ma ba sa son rubuta musu. Little Muppet Monsters na 1985 kashi uku kawai aka nuna. The Jim Henson Hour na 1989 an tsayar da shi kafin a gama nuna abin da aka ɗauka. Bambancin shi ne, idan ya faɗi, yana gwada abin da ba a taɓa yi ba ne, shi da mutanensa, kuma kafin ƙura ta lafa ya fara wani. Mutumin da ya yarda aka nutsar da shi cikin wani ɗan tankin ƙarfe a ƙarƙashin ruwa, hannunsa kaɗai a waje, don Kermit ya zauna a kan kututture a fadama yana kaɗa banjo a farkon fim ɗin 1979, ba ya jiran a auna masa kasuwa. Abin da ke cin ran masoya a yau shi ne ana gwadawa sau ɗaya a ajiye. The Muppets Mayhem na 2023, labarin ƙungiyar makaɗansu, ya samu yabo daga mafi yawan waɗanda suka kalla, amma kashi 10 ya yi aka ce ya isa. Shirin 1976 kansa sai a zango na biyu Piggy da Gonzo suka zama yadda aka san su. Da an yanke masa hukunci a kashi 10, da babu abin da ake jayayya a kai yanzu.

A watan Yuni 2025 Disney ta rufe Muppet*Vision 3D a filin wasanninta na Florida. Wani ɗan gajeren fim ne da ake kallo da tabarau na musamman, yana cikin ayyukan ƙarshe da Henson ya ba da umarni ya kuma yi Kermit da hannunsa, an buɗe shi ranar 16 ga Mayu 1991, shekara ɗaya cif bayan rasuwarsa. Masu son shirin 2015 da masu ƙinsa, 'yan Whitmire da 'yan Vogel, a wannan karon bakinsu ya zo ɗaya, suka yi ta dogon layi a makonnin ƙarshe. A cikin zauren, a wani ɗan bene ta gefe, a lokacin akwai Statler da Waldorf na inji, da suka shekara 34 suna kushe fim ɗin sau da yawa a kowace rana.